Takardar Jikka Arba'in da Biyar

SHAFI NA 14

Masu aiko "ci gaba, ci gaba" tun kafin su wanke fuska, sannunku da rashin aikin yi. Ga shi nan. Wadda ta ce Rahinatu mahaukaciya ce, na ji ki, matso kusa ki zauna.

Mun bar Rahinatu ta sauko daga motar Damagaram jiya da la'asar. Awakinta biyu sun zama kuɗi, kuɗin sun zama 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Yau kuma ita ce ranar da ɗanta Haris ya ce zai hau motar Agadas, daga can ya wuce Jado haƙar zinariya.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Malam Hamidu ya shigo gidan. Sallamar ma rabi ya yi, ya haɗiye rabi. Shi ne wan marigayi mijinta Yahaya, kuma tun ranar da aka rufe Yahaya ya mai da gidan nan kamar gonarsa ta biyu. Ba ya noma ta, amma kullum yana zuwa duba iyaka.

Rahinatu na zaune a gindin dogon yaro, hula a kan gwiwa, tana ɗinki. Ita dai bar ta da hula. In zane ya wuce ta a kan mutum a kasuwar Tanut, kallo ɗaya take masa, ta dawo gida ta fitar da shi ba ƙari ba ragi. Ba ta taɓa taka lekol ba, ba ta san ajin boko ba, amma idonta ba ya mantuwa.

"Ina kwana, Yaya."

"Ina awaki?"

"Lafiya lau muka tashi, alhamdu lillahi."

"Na ce ina awaki!"

"Suna Belbeji. Ko sun wuce, ban tambayi wanda ya saya ba."

Can bakin ƙofar ɗakinta Iya Balki na kan tabarma da carbi, uwar Hamidu ke nan, surukar Rahinatu. Shekara biyar ke nan idonta ya yi hazo, buta da kaza ba ta rabe su sai ɗaya ta motsa. Amma kunne, Allah ya bar mata shi sabo fil.

Hamidu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Dillali ya faɗa min komai. Har da mai cikin nan kika sayar. Mai ciki, Rahinatu!"

"Nawa ne, Yaya. Jikokin akuyar da uwata ta rako ni da ita ne."

"An kuma gan ki a Damagaram, a butik, shagon masu sai da tele."

"Wanda ya gan ni idonsa lafiya."

"Me kika sayo?"

Ta ja zare, ta ciza, ta tofar.

"Ƙwallo."

"Me?"

"Ƙwallon cikin tele. Na bana."

"Nawa?"

"Jikka arba'in da biyar."

Sefa dubu arba'in da biyar ke nan. Hamidu ya nemi inda zai zauna, bai samu ba sai turmi. Ya zauna a kan turmin.

Daidai nan Haris ya ɗaga labule ya fito. Shekara ashirin da uku, dogo kamar ubansa, jaka a kafaɗa, rawani a wuya irin na masu shiga hamada, ga galan na ruwa an ɗinke shi cikin buhu. Ya ji maganar ƙarshe. Ya tsaya cak.

"Inna, me kika ce?"

"Abin da ka ji."

To, ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya. Haris yana da injin wasa, wansa Mamman ne ya aiko da shi daga Agadas shekarar da ya tafi, da manet biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Abu na ƙarshe ke nan da ya fito daga hannun Mamman. Shekara huɗu ba murya, ba saƙo, ba gawa. Da injin nan Haris ya kafa rumfa a bakin gudron, wato titin kwalta, samari na zuwa suna biyan dala ashirin, wato sefa ɗari, wasa ɗaya. Sai wani ya buɗe tasa kusa da tasha da ƙwallon bana. Na Haris kuwa ya tsufa, 'yan wasan cikinsa wasu sun daina buga ƙwallo, wasu sun yi tumbi. Rumfa ta koma wurin barcin awakin maƙwabta.

Hamidu ya dawo da numfashinsa.

"Jikka arba'in da biyar. Kin san buhun gero nawa ne?"

"Ɗaya da rabi. Ni ke awo a gidan nan."

"Buhu ɗaya da rabi a kan mutanen ƙarya masu gudu cikin gilashi! To ina abin? Kawo in gani. Faifai ne? Kwali ne?"

"Takarda ce."

"Takarda."

"Lambobi ne a jiki. In an danna su a inji, wasan ya sauko ta rezo, kamar saƙon waya."

"Ya sauko daga ina?"

"Ban raka shi ba, Yaya."

Hamidu ya juya wajen uwarsa yana tafa hannu.

"Iya, kin ji? Ta ba da akuya mai ciki, an ba ta iska! Ni in na sayi rago ina buɗe bakinsa in ga haƙori. In na sayi zane ina ja in ji ƙarfinsa. Wannan me za ki taɓa?"

Iya Balki carbi kawai take ja, amma ja ne mai sauri.

"Kai da kake sa kati a wayarka," in ji Rahinatu, "ka taɓa buɗe bakinsa?"

"Wannan daban!"

"To."

Haris ya ajiye galan, jakar dai tana kafaɗa. Murya ƙasa-ƙasa ya yi magana, irin ta mai jin kunya da haushi a haɗe.

"Inna, wallahi an cuce ki. Ba wai na ƙarya ba ne, a'a. Amma abin nan bai ci kuɗinsa ba. Na bara da na bana duk ɗaya ne, riguna kawai suke canza wa 'yan wasa, su ƙara wa ciyawa kore. Baɗi war haka sun fitar da sabo, wannan ko kyauta ba mai so."

"Gero ma shekara ɗaya yake yi, ban ga an daina saye ba."

"Akwai na jikka uku da ake zubawa a Damagaram."

"Kai da bakinka ka ce injinka ba ya karɓar na jikka uku."

"To da kin jira! In ya yi wata huɗu, rabin kuɗi yake faɗowa. Kowa ya sani."

Sai yanzu ta ajiye hular.

"Wata huɗu kana ina?"

Haris ya kau da ido.

"Ina tambayarka. Nan da wata huɗu, in ya faɗo rabin kuɗi, wa zan saya wa? Iya?"

"Ni ban iya ba," in ji Iya Balki daga tabarma.

Hamidu ya miƙe daga kan turmi.

"Kar ki ruɗa yaro da surutu. Namiji ne, nema zai tafi. 'Ya'yan wa ba su tafi ba? Ɗan gidan Aliyu bai dawo da moto ba, babur sabo? Na Falanko nan bai gina shago uku ba? Ke kina so ki zaunar da ƙato a rumfa yana danne-danne kamar mai tsince ƙwarƙwata!"

"Dala ashirin wasa ɗaya. In ya samu goma a yini, wata ɗaya da rabi takarda ta biya kanta. Abin da ya biyo baya nasa ne. Na lissafa tun kafin in kwance awakin."

"In kuran ya ɗauke, ba wuta fa?"

"Akwai fano mai jan wuta daga rana."

"In wancan na tasha ya rage kuɗi fa?"

"In sama ta faɗo fa, Yaya?"

"Ki iya bakinki!"

"Na iya shi shekara ashirin da shida a gidan nan. Ya gaji."

Har kazar da ke tono a bakin rumbu ta tsaya.

Rahinatu ta tashi, ta gyara ɗaurin zane. Ba doguwa ba ce, amma yau sai da Hamidu ya ja baya taku ɗaya.

"Tunda yau ranar tambayar kuɗi ce, ni ma ina da tawa. Haris, wa ya ba ka kuɗin mota?"

Haris ya dubi ƙasa.

"Rumfarka wata uku ba ta kawo na sabulu ba. Daga nan zuwa Agadas, daga Agadas zuwa Jado, ga ruwa, ga gari, ga rawani sabo. Wa ya ba ka?"

"Inna..."

"Ni na ba shi," in ji Hamidu. "Maraƙina na sayar. Laifi ne?"

"Nawa?"

"Jikka saba'in."

"Da sharaɗin?"

Hamidu ya kau da kai.

"Haris, da sharaɗin me?"

"In na samu... kashi ɗaya cikin uku na Baffa ne."

Rahinatu ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai jin labarin da ta riga ta sani.

"Wancan ma haka kuka yi da shi ko?"

"Wane wancan?"

Kun san dai al'ada. Ɗan fari uwa ba ta kama sunansa. Tun ranar da aka yanka ragon sunansa ba wanda ya taɓa jin kalmar a bakin Rahinatu. "Wancan" take cewa, ko "babban". Ranar da zai tafi ma tana nan gindin dogon yaron, ya durƙusa ya yi mata sallama, ta ce "Allah ya kiyaye" ba ta ko ɗaga kai ba, don kar a ce ba ta da kunya. Ya fita. Ta ci gaba da ɗinki. Hular nan har yau ba ta ƙarasa ta ba, tana ƙasan akwati.

"Mamman," in ji ta.

Carbin Iya Balki ya tsaya.

"Mamman nake nufi. Ɗana Mamman. Na faɗa, duk Tanut ta ji. Shi ma kai ka biya masa mota, ko ba haka ba?"

"Rahinatu, ki ji tsoron Allah, ƙaddara ce..."

"Ban ce ba ƙaddara ba ce. Tambayarka nake, irin wadda ka yi min. Ka ba da kuɗi, an ba ka kujera a bayan mota. Ka buɗe bakinta ka ga haƙori? Ka ja ka ji ƙarfinta? Shekara huɗu. Ta ci kuɗinta, Yaya?"

Hamidu ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

"Ni tawa takardar, in ta ci, ɗana yana bakin gudron, ina leƙawa in gan shi. In ba ta ci ba, awaki biyu na rasa. Awaki suna haihuwa. Ni na daina."

Daga bakin gudron aka ji hon. Dogo, mai kauri. Direban ya riga ya faɗa wa Haris jiya, sau uku zai busa yana ɗaurin kaya, na uku in bai gan shi ba ya wuce.

Haris ya dubi ƙofa. Ya dubi uwarsa.

"Ina takardar?"

Abin da take jira ke nan. Ta shige ɗaki da sauri, zani na kaɗawa. Jiya da ta dawo ta sa ta cikin jeren kwanoninta na aure, na uku daga sama, ta rufe da murfi.

Ta buɗe na uku. Wayam.

Ta buɗe na biyu. Ta buɗe na huɗu. Ta sauke jeren gaba ɗaya, murafe na ta ƙara a ƙasa. Ta ɗaga katifa, ta zazzage akwati, har tsohuwar hular nan ta faɗo. Ta kwance bakin zaninta ta duba, ko da yake ta san ba ta nan.

Ta fito. Fuskarta kawai suka gani.

"Ba ta nan."

Hamidu ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

"Iska ta koma gidansu."

"Wa ya shiga ɗakina?"

"Ni ban shiga ba," in ji Haris.

"Yaya?"

"Yanzu na zo, kina gani."

Iya Balki ta yi gyaran murya. Ta ajiye carbi a cinya, ta gyara zama irin na wadda ta yi abin kirki tana jiran a gode mata.

"Daina neman abin nan, 'yar nan. An gama aiki."

"Wane aiki, Iya?"

"Aikin da kika sayo ta dominsa mana."

Rahinatu ta matso, ta tsuguna a gabanta.

"Iya. Me kika yi da ita?"

"Jiya da kika dawo, me kika ce min? Ba cewa kika yi kin samo abin da zai zaunar da maigidana a gida ba?"

Maigidanta, wato Haris, wasan kaka da jika.

"Na ce."

"Na ce wurin wa, kika ce wurin Abdulgafar na Damagaram."

"Mai butik ne, Iya!"

"Ni ba ki ce min butik ba. Abdulgafar kika ce. Na ce a raina, wannan suna na manyan malamai ne. Kika ce ya gargaɗe ki kar ki nuna wa kowa. Kika ce in wani ya riga karantawa, ta tashi aiki. Kika ce sau ɗaya take ci, ba ta da ta biyu, in ta ɓace ko shi ba shi da wata. An yi haka ko ba a yi ba?"

"An yi..."

"To wace takarda ce mai wannan sharaɗi in ba rubutu ba? Ni aka haifa jiya?"

Haris ya dafa bango.

"Na ji kin buɗe kwano na uku, na san ƙarar murfinsa, yana da lanƙwasa. Na ce yarinyar nan ta kashe kuɗi ta samo abu mai kyau, amma ba ta san yadda ake yi ba, za ta bar shi a kwano har mota ta tafi. Da kika fita ɗiban ruwa da safe na lallaba na ɗauko. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi, na murje ta tas, na yi bisimilla ƙafa bakwai."

"Kika zuba a ina?"

Iya Balki ta nuna wajen da take jin numfashin Haris.

"Furar sallama da na dama masa. Ya shanye har yana suɗe ludayi."



Haris ya ɗora hannu a cikinsa a hankali.

"Shi ya sa na ji wani abu kamar dusa a harshe..."

"Albarka ce," in ji Iya Balki.

Hamidu ya fashe da dariya. Dariya har da riƙe turmi, har hularsa ta karkace.

"Jikka arba'in da biyar! A cikin fura! Kai Haris, tafi a hankali, kar ka yi gyatsa, ƙwallon bana zai fito! Rahinatu, ga shi nan dai kin ciyar da ɗanki akuya biyu a zama ɗaya, ko ƙashi bai tofar ba!"

Hon na biyu.

Haris bai yi dariya ba. Ya dubi uwarsa a tsugune, ya ga yadda kafaɗunta suka sauka, idonsa ya kawo ruwa. Ya gyara jakar, ya sunkuya ya ɗauki galan.

"Inna, ki yafe min. In na samu, awaki goma zan saya miki."

"Wancan ma goma ya ce."

"To ya zan yi? Takarda ta tafi."

"Ajiye galan ɗin nan."

"Inna, mota..."

"Na ce ajiye!"

Ya ajiye. Bai taɓa jin wannan muryar ba.

Rahinatu ta tashi, ta je jikin danga ta zaro kara ɗaya, ta karye shi. Ta share ƙasa da tafin ƙafa har ta yi sumul. Ta durƙusa.

"Daga Damagaram zuwa Tanut, awa uku da wani abu, har da facin taya. Me kake tsammani nake kallo a mota? Ƙeyar direba?"

"Inna, ba ki iya karatu ba."

"Hular da ke kan Baffanka, na iya karanta ta? A kan wani Bakane na gan ta a kasuwa, yana wucewa."

Hamidu ya taɓa hularsa bai sani ba.

"Layi ɗaya ne, an raba shi gida uku, kowane gida huɗu-huɗu. Na farko fartanya ce, bakinta na duban hagu."

Ta zana. Haris ya leƙo ta saman kanta.

"Bakwai ke nan."

"Kai ka san sunansa. Na biyu tsani mai mataki ɗaya. Na uku ƙwarya biyu, ɗaya kan ɗaya. Na huɗu sawun kaza."

Kara na tafiya a ƙasa ba gargada. Haris ya tsuguna. Jakar ta zame daga kafaɗarsa ta sauka a gwiwar hannu, bai kula ba. Ya zaro waya yana dannawa.

"Wannan fa, Inna, cikinsa a rufe yake ko a buɗe?"

"A buɗe. Kamar ƙugiyar rijiya."

"Kin tabbata?"

"Ka taɓa ganin na warware ɗinki?"

Gida na biyu ya fito. Mutum ya harɗe ƙafa, turken akuya da sanda a kai, tuddai biyu, sai fartanyar nan ta sake dawowa. Hamidu ya daina dariya. Ya matso yana leƙe, yana yi kamar ba leƙe yake ba.

"Ko ta zana, ai banza ne," ya ce. "Ɗaya ya kuskure, shi ke nan."

"Yaya, ka tare min haske."

Ya matsa.

Gida na uku. Ɗaya. Biyu. Uku.

Kara ya tsaya.

"Saura ɗaya, Inna."

Ta rufe ido. Ta buɗe. Ta sake rufewa. Ga takardar nan a gabanta, fara, da ɗan lanƙwasa a gefe, ga iskar tagar mota na kaɗa ta. Ga goma sha ɗaya reras. A wurin na ƙarshe kuwa ba abin da take gani sai farcenta mai lalle.

Ta nan ta riƙe ta. Tun daga ƙofar butik har Tanut babban yatsanta na danne a kusurwar nan, don kar iska ta fizge.

"Inna?"

"Yatsana na kai."

"Ba ki gan shi ba ko sau ɗaya?"

Ta girgiza kai.

"A gwada mana duka," in ji Hamidu, ya manta ɓangaren da yake.

"Sun fi talatin, Baffa. In aka yi ta kuskure, rufewa yake yi." Haris ya miƙe a hankali, ya mai da jakar kafaɗa. "Kin yi ƙoƙari, Inna. Wallahi kin yi."

"Ni na gan shi."

Duk suka juya.

Iya Balki ce. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe.

"Da zan jiƙa ta, ta wannan kusurwar na fara yagewa. Na kai ta saitin rana, na dube ta da kyau. Ba ni karan."

Haris ya fizge karan daga hannun uwarsa ya danƙa mata. Ya durƙusa a gaban tabarma, ya share mata ƙasa da hannunsa.

"Zana, Iya. Yi sauri."

Tsohuwa ta juya karan, ta shafa bakinsa, ta gwada tsininsa a tafin hannu.

"Wannan ƙarar fa?"

"Mota ce, Iya, ta tayar. Zana!"

"A'a. Ni ba na zane ana min gurnani a kunne. Hannuna rawa yake. Bari ta wuce tukuna."

"Iya, in ta wuce sai wani mako! Kuɗin Baffa..."

"Kuɗin Baffanka ba a cikina suke ba. Kai ne mai kuɗi a ciki."

"Iya!" in ji Hamidu. "Jikka saba'in!"

"Kai kuma rufe min baki, ni na yaye ka."

Rahinatu ta dubi surukarta. Ta dubi idanun nan biyu masu hazo, waɗanda shekara biyar ita ke zura musu zare a allura, waɗanda jiya-jiyan nan suka gaida turmi suna tsammanin baƙo ne. Ta kai saitin rana ta duba da kyau, wai.

Iya Balki ta juyo da fuska wajenta. Gefen bakinta ya ɗan motsa, kaɗan, yadda ba mai gani sai wanda ya san ta.

Rahinatu ta gane. Ta tashi, ta je ta tsaya a bakin ƙofar gida, ta naɗe hannu.

"Ka ji abin da kakarka ta ce. Ta gan shi."

Haris na durƙushe, jaka a kafaɗa, waya a hannu da lambobi goma sha ɗaya. Ya dubi karan da ke hannun Iya. Ya dubi ƙofa.

Daga bakin gudron, hon na uku ya tashi.